Abin da Auta Ya Gina a Hayin Kogi

Ina tsakiyar aiki a shago, sukudireba a baki, cikin kwamfutar wani a buɗe a gabana, Baba ya kira ni.

"Uwata, abin nan na ƙaninki ya sake ɗaukewa."

Na cire sukudireban. "Baba, wai kai ne ke kunna kwamfutar Auta?"



Abin ya ɗaure min kai, don mutumin nan shi ya yi shekaru yana yi wa Auta faɗa a kan gem, wasan kwamfuta. Ƙato da kai, in ji shi, ka wuni kana danne-danne. Auta kuwa sikila ta hana shi komai. Makaranta rabi da rabi, ƙwallo sai dai ta taga. Abin da ya rage masa shi ne tsohuwar kwamfutar da na harhaɗa masa da ragowar kayan shagonmu, da wani gem da ake ba ka fili fetal ka gina abin da ka ga dama. A ciki ya gina mana gida. Ba irin ɗakunan hayar da muka tashi a ciki ba, gida mai bene, da ɗakin Mama, da shagona har da allo a ƙofa, da doguwar rumfar ajiye motoci. Gem ɗin ba ya hawa intanet. Duk abin da Auta ya gina yana cikin faifan ajiya guda ɗaya a cikin akwatin nan, babu kwafinsa a ko'ina.

Da na je gida bayan an tashi aiki, Mama ta tare ni a ƙofar kicin ta tona asiri. Tun rasuwar Auta, kullum Baba ya karya sai ya shige ɗakin ya turo ƙofa.

Ɗakin yana nan yadda aka bar shi. Gado a gyare, kwalaben magani a kan taga, kujerar roba da matashin da ya lotsa. Baba ya zauna ya kunna, yana tura ɗan mutumin cikin gem da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai shiga da tirela lungu. Ya bi ta ɗakin Mama, ya wuce shagona, ya gangara bakin kogi inda wata gadar katako take.

"Nan ne," ya ce. "Ya taɓa ce min akwai abin da yake gina min a hayi, bai gama ba, kada in leƙa. Ni kuwa lokacin ko allon ban kalla ba. Cewa na yi ya tashi ya sha magani."

Ya taka gadar. Hoton ya daskare, sautin ruwa ya kama maimaita kansa, allon ya yi shuɗi, sannan ɗif. Kafin in buɗe baki Baba ya ɗaga tafin hannun nan nasa na tsohon direba ya kwaɗa wa gefen akwatin mari. Ɗau!

"Baba!" Ban san na yi ihu haka ba.

"Mene ne? Haka muke yi wa kik na tada injin mota in ya ƙi tashi. Rediyon mota ma da mari take kama tasha."

"Wannan ba tirela ba ce! Tun yaushe kake marinta?"

"Ai tana tashi in na yi."

Na ɗauko jakar aiki. Zafi na fara zargi, don shi ne ya fi kashe kwamfuta ana cikin gem. Na kwance murfin, ƙura ta yi kitso a jikin fanka, na bushe ta tas, na sabunta man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar don ta huce. Muka kunna, muka taka gada, ɗif. Na zare ram, ɗan katin ajiyar wucin gadi, na goge bakinsa, na sa wani daga jakata. Ɗif. Na gwada akwatin wuta, na gwada katin hoto, duk lafiyarsu ƙalau. Kuma abin haushin, ko'ina ka zaga a cikin gidan lafiya lau, sai gadar nan kawai. Sai na kashe fankar ɗakin, na ce kowa ya yi shiru, na kunna, na kara kunnena a jikin akwatin.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Duk mai gyara ya san wannan ƙarar, kuma ba mai son jin ta. Na kashe nan take.

Na yi wa Baba bayani da yaren da zai gane. Faifan nan juyawa yake da gudu, wata 'yar allura tana shawagi a samansa tana karatu, tsakaninsu bai kai silin gashi ba. Wurin da hayin kogi yake a rubuce ya fara karcewa, shi ya sa in allurar ta je can take tuntuɓe. Kowane kunnawa yana ƙara cin wurin. Mari kuwa caka allurar yake a jikin faifan.

"Ni na lalata ke nan?"

"Tsufa ne ya fara," na ce. "Amma akwai dabara. Muna da na'ura a shago da take kwashe abin da ke cikin faifai mara lafiya a hankali, ta juye a sabo. Bari in cire shi in tafi da shi."

Ya dafe akwatin. "Ba abin da zai fita daga ɗakin nan."

"Baba, don Allah..."

"Shi ya fita, ya isa."

Na so in yi masifa, wallahi na so, amma me zan ce? Na'urar ma tana hannun maigidana na shago, ya tafi da ita aiki wani gari. Na ce to zan kawo ta har nan in ya dawo, amma kafin nan ko da wasa kada a kunna. Don in tabbata, na zare wayar wutar na jefa a jaka. Baba ya bi jakar da ido.

Ana gobe maigidana zai dawo Mama ta kira da hantsi. Ba gaisuwa. "Ki zo."

A kicin na fara ganin butar lantarki a ajiye babu wayarta. Bakinsu ɗaya da ta kwamfuta, tsaf take shiga. Ni mai gyara ban tuna ba, tsohon da ya saba ɗaure injin da igiya a tsakiyar daji shi ya lura.

Yana zaune a kujerar roba, hannunsa na dama a matse tsakanin gwiwoyi. Allon baƙi, da ɗan rubutu fari yana cewa ba a ga faifai ba.

"Leƙawa kawai na ce zan yi, in tsaya a tsakar gida," ya ce. "Sai na ga kaina a gada. Na kai tsakiya, Uwata, ban taɓa kaiwa nan ba. Na hango wani abu ja a hayi, dogo. Sai ta tsaya. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba."

Duk faɗan da na taho da shi a baki ya narke. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa. Wannan karon shi ya miƙo min sukudireba.

Washegari a shago na'urar ta wuni tana nema ba ta samu komai ba. Maigidana ya buɗe faifan, muka ga zobe a karce kewaye da shi, da wani gari mai ƙyalli a kan murfin. Ya girgiza kai ya koma bencinsa. Ni na tsaya ina kallon garin, ɗakin Mama ne da shagona da gadar.

Na koma gida na sa sabon faifai, na sake ɗora gem ɗin, na mayar da wayar wutar. Baba ya zauna. Fili fetal, ciyawa har bakin ruwa. Ya tura ɗan mutumin ya gangara, babu gada, ya faɗa kogin ya yi iyo ya haye. Ko gezau kwamfutar ba ta yi ba. Ya yi ta yawo a hayin, gabas da yamma, ciyawa ce kawai.

"Yanzu ba ta ɗaukewa," ya ce.

"Ta gyaru, Baba."

"Abin da na hango a hayin nan ja ne. Irin jan motata."

Ya kashe da kansa. Ya sunkuya ya zare wayar wutar, ya naɗe ta tsaf yadda yake naɗe igiyar ɗaure kaya, ya buɗe jakata ya saka a ciki.