Kaset ɗin Inna Kyauta

Jirginmu ba shi da igwa, ko ta rantsuwa. Ruwan sha muke ɗauka, da mai, da buhunan shinkafa, mu bi jiragen yaƙi can tsakiyar teku mu sauke musu. In injin wani ya mutu, mu ke janyo shi zuwa tashar Apapa a Legas. Da muka je hutu a 1975, ni da abokina Ilu, mutanen garinmu Ɗanzomo suka ji irin aikinmu, suka ce ashe sojojin ruwan nasu 'yan ga-ruwa ne. Saura kaɗan in mari wani. Ilu kuwa dariya ya yi, don ba wannan ke cinsa ba.

Shi ɗan fari ne. Mahaifiyarsa, Inna Kyauta, tana da kunya irin ta mutanen da. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa.

"Rufa'i," ya ce da ni, "sau ɗaya tak nake so in ji sunana daga bakinta."

Sai ya sayi rikoda a kasuwar Maigatari, ya sa ƙanwarsa Laure ta ɗaukar masa muryar tsohuwar. Kai, Inna ta yi magana! Geron bana, akuyar da ta haifi biyu, rijiyar da ta ƙafe. Can ƙarshe ta ce, "A gaya wa wancan ya riƙa salla a kan lokaci." Shi ke nan. Haka ya yi ta sauraren kaset ɗin a jirgi har zaren ya fara ja.

Wata ranar Talata muna miƙa wa wani jirgi ruwa, igiyar ƙarfen da ke riƙe da tiyo ta tsinke, ta same shi a ƙirji. Kafin mu kai gaɓa rai ya yi halinsa. A Legas muka binne shi.

Ni na kai akwatin kayansa gida, zuciyata cike da haushin matar nan, Allah ya yafe mini. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Waɗanda ya kai wa ruwan, sun sha?"

"Sun sha, Inna."

Ta daɗe tana kallon rikodar. "Abin nan, har yanzu yana ɗaukar magana?"

Na sa sabon kaset, na danna. Ta sunkuyo.

"Ilu," ta ce. "Iliyasu. Ɗana."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Kai masa."

Na kai masa. Na tsuguna a bakin kabarin, na kunna, na ƙure ƙarar don kada ya kasa ji. Da muryar ta ƙare sai na tarar na yi tsit, ina jiran ya ce na'am.