Ranar da Mai Ƙwaya Ya Ƙi Sayarwa

Auta ne ke tsara wasannin waya a kamfanin yayansa. Ya iya aikin, kuma ya san ya iya. Sabon wasansu na tseren mota ya karɓu, sai dai mutane kan ɗan taɓa su watsar. Shi ya sa Yaya ya kira shi ofis, ya tura ƙofa, har ya zuba masa shayi da hannunsa, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Auta, kar ka ji haushina," in ji Yaya. "Lokacin da kake shan ƙwaya, me ke mayar da kai bayan ka rantse ka daina? Shi nake so mu sa a wasan nan."

Maganar ta soki Auta har zuci. Wannan yayan ne ya goya shi zuwa asibiti, ya yi jinyarsa, ya ba shi aiki lokacin da dangi ke ɓoye jaka in ya shigo gida. Tun daga nan bai taɓa ce masa a'a ba.

"Ai da sauƙi," in ji Auta. "Ta farko kyauta mai ƙwaya ke ba ka. In ka ɗauke ƙafa, ya aiko a gaishe ka. Wata rana ya yi maka gyara, wata rana ya hana, ba ka taɓa sanin yaushe ba."

Yaya ya buga tebur don murna. "Shi ke nan! Kyauta, saƙon gaisuwa, gyara ba zato. Kuma mu ba guba muke sayarwa ba, wa wasa ya taɓa kwantarwa a asibiti?"

"Saura ɗaya, Yaya. Ranar da na je wa mai ƙwayar jikina na karkarwa, ko tsayuwa ba na iyawa, ya dube ni ya ce, 'Je ka gida, yau ba zan sayar maka ba.' Zan gina maka waɗancan in ka bar ni in gina wannan. Duk wanda ya wuce kima, wasan ya rufe, ya ce masa ya je ya huta."

"Haba Auta! Waɗanda suka wuce kimar ai su ne cinikinmu."

Auta ya miƙe tsaye. Ransa ya ɓaci matuƙa, domin yana son mutumin nan, amma ya dube shi ido cikin ido.

"Ni ma ni ne cinikinsa, Yaya, kuma ya kore ni. In ba za mu iya abin da mai ƙwaya ya iya ba, ka nemi wani ya yi maka."