Ƙarfe Uku Zuwa Huɗu

"Peculiar, uku zuwa huɗu fa naki ne," in ji mahaifiyata, tana ɗaura kallabi za ta kasuwar Danko. "Kada sarƙar nan ta tsinke a hannunki."

Kwana shida ke nan zumuntar matan cocinmu na yi wa maƙwabcinmu Baba Kefas sarƙar addu'a. An rubuta sunaye a takarda an manna a ƙofarsa, kowa da awarta, wata na cewa amin wata na durƙusawa. Tsohon soja ne, ciwon hanta ya kwantar da shi. Ni shekaruna goma sha biyar, ko a aji ba na iya ɗaga hannu, amma shi da bakinsa ya ce, "Ku sa Farfesa, ita ta san manyan kalmomi."

Ranar da na kai masa kunu na daure na tambaye shi. "Baba, in Allah ya riga ya rubuta ranar kowa, me addu'a za ta canza?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Farfesa ke nan! A bariki ko oda ta fito, ba a hana ka shiga wurin oga. Wata rana ya canza. Wata rana ya ce zauna ka sha ruwa, tafiya dai tana nan."

Ran Alhamis ɗin da Mama ta tafi Danko, na zauna gindin mangwaro da wani littafi da aka ara mini. Shafi biyu na yi niyya. Kukan Mama Hannah, matarsa, shi ya ɗago min kai. Na duba agogo: huɗu saura kwata. Ko sunan Yesu ban kira ba.

Aka binne shi a ƙauyensu, Manga. Ban je ba, na ce ciwon kai. Kwana huɗu ina zagayawa ta bayan gida don kada in ga takardar nan.

A na biyar na shiga. Na tarar da Mama Hannah a kan tabarma tana ɓare gyaɗa.

"Mama, ni ce. A awata ya tafi. Ban yi ba."

Hannunta ya tsaya. "Karatu kika yi?"

Na gyaɗa kai.

"Da ya ji, da ya yi ta miki tsiya." Ta share hanci da gefen zane. "Tun Lahadi shi ma yake tasa addu'ar, wai a sallame shi ya gaji. Ku kuna ja nan, shi yana ja can. Ni na rasa wanda zan ce wa amin."

"Amma da na yi fa, Mama?"

"Ban sani ba, 'yata. Fasto ma bai sani ba. Na dai san ba agogonki ke riƙe da numfashin mijina ba." Ta ture ɓawon gyaɗa gefe. "Ƙarfe nawa yanzu?"

"Uku da minti goma."

"To awarki ce. Shi ya gama buƙata. Ni ce tun ranar bakina ya ƙi buɗuwa."

Na durƙusa a gefen tabarma. Manyan kalmomin duk suka gudu, sai sunanta kawai nake maimaitawa. Ta ɗora hannu a kaina, yana ƙamshin gyaɗa. A jikin ƙofa takardar ta saki kusurwa ɗaya, takalmansa na ƙarƙashin benci, inda ya cire su.