Ganyen da Ba a Wankewa

Kwana goma sha biyu ke nan da Khairiyya ta haihu, amma ruwan nono ya ƙi zuwa yadda ya kamata. Jaririyar ta kama, ta tsotsa ta tsotsa, ta saki ta tsala kuka, uwar ma ta taya ta. Abin ya tsaya wa Barakatu a rai, don ita ce uwar mai jegon, kuma ita ta kafe sai an kawo mata autarta gida Dagumawa wankan jego. Mijin yarinyar, Jamil, ma'aikaci ne a jami'a, ya so a bar matarsa a cikin garin Wudil kusa da asibiti. Barakatu ta aika masa cewa shekara talatin tana haɗa wa matan mutane maganin jego, ba a kan 'yar cikinta za a fara nuna mata hanyar asibiti ba. Kunyar surukuta ta rufe masa baki, ya kawo matarsa da buhun gero ya koma.

To ga shi yanzu mata suna shigowa barka, suna jin kukan jaririya, suna satar kallon Barakatu. Ita kuwa ta san abin da za a faɗa da zarar an fita zaure. Kunun kanwa an sha har an gaji, gasasshen nama ma an ci. Saura abu ɗaya, nonon kurciya, wata 'yar ciyawa mai shimfiɗuwa a ƙasa wadda in ka tsinke ta farin ruwa yake fitowa. Ana daka ta ɗanya a zuba a kunu.

Yadda Barakatu ta gada a wurin kakarta, ɗebo wannan ganye yana da ƙa'ida biyu. Da sassafe ake zuwa tun raɓa ba ta bushe ba, kuma ba a wanke shi, don a wurinsu rabin ƙarfin maganin yana cikin raɓar. Sannan daga fita gida har dawowa ba a magana da kowa, ko sallama ba a amsawa. In baki ya suɓuce, a zubar da ganyen a sake fitowa gobe. Duk unguwar an san haka. Mutum ya ga Barakatu da ƙwarya a lulluɓe da sassafe, sai ya kauce ya ba ta hanya, gaisuwar ya ajiye ta sai an jima.

Ranar Juma'a ta fita bayan sallar asuba, gari ya yi haske. Ta nufi gefen gonar ɗanta Nu'uman, inda ta san ciyawar tana yin kyau tun farkon damina. Can ƙarshen gonar ta hango shi yana ɗaure kaya a bayan babur, zai tafi kasuwar Wudil.

“Inna,” ya kira ta daga nesa.

Ta ɗaga masa hannu ba tare da ta juyo ba, irin ɗagawar da take nufin rufe mini baki. Nu'uman ɗan fari ne, dama magana tsakaninsu ba ta da yawa, ko sunansa ba ta faɗa. Kuma tun yana ƙarami ya taɓa shan duka a kan ya tare ta da surutu ta yi asarar ganyen rana guda. Yanzu ga shi da gemu da 'ya'ya uku, amma hannun nan yana tashi ya haɗiye sauran maganarsa. Ya ɗauka bakin rafi za ta wuce ɗebo sabara, ya tayar da babur ya tafi.

Ciyawar kuwa ta yi shar, a jiƙe sharkaf, har Barakatu ta ji daɗi a ranta cewa yau raɓa ta sauka da albarka. Ta ji wani ɗan wari-wari, ta ce ai gona ce, taki ne. Ta cika ƙwarya ta dawo bakinta a rufe, ta daka, ta dama kunun gero ta zuba. Khairiyya ta yamutsa fuska ta ce da ɗaci.

“Magani ne, ba alewa ba. Shanye.”

Ta shanye. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta fara amai. Barakatu ta ce ciki ne yake wanke kansa, ta bari ya lafa ta ƙara mata rabin kofi, don kada wanda ta sha ya tafi a banza. Wannan rabin kofin shi ne abin da ya fi ci mata rai daga baya. Zuwa azahar yarinyar tana murƙususu a kan tabarma, gumi yana keto mata, tana cewa maƙogwaronta kamar an zuba barkono. Barakatu ta ga jego iri-iri a rayuwarta, amma ba ta taɓa ganin wannan ba, tsoro ya kama ta sosai. Ta goya jaririyar, ta aika aka kira Ya'u maƙwabcinsu mai adaidaita sahu.

A asibiti suka tarar da Jamil a bakin ƙofa, an riga an buga masa waya. Ko a wannan hali sai da ya durƙusa ya gaishe ta. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Grace, ta sa wa Khairiyya ƙarin ruwa, ta juyo ta tambayi abin da mai jegon ta ci ko ta sha tun safe.

“Kunu ne kawai,” in ji Barakatu.

Ba ta ambaci ganyen ba. Ta san halin 'yan asibiti, da ka ce ganye sun sami abin faɗa, ga kuma suruki a tsaye yana ji. Kuma har ga Allah ba ta zargi ganyen ba, mata nawa ta ba shi suka tashi da nono har yana zuba.

Wajen la'asar Nu'uman ya iso daga kasuwa a rikice. Ashe ya biya ta gida, ya ga ragowar ganyen a faifai. Ya ja uwarsa gefe, ƙarƙashin wata darbejiya a harabar asibitin, ya kasa haɗa ido da ita.

“Inna, ganyen nan a ina kika ɗebo shi?”

“Gefen gonarka, inda na saba.”

Ya dafe kai. “Feshi na yi a wurin. Maganin kashe ciyawa, har na haɗa da na ƙwari. Ban daɗe da sauke injin daga bayana ba kika iso. Shi na so in gaya miki.”

Barakatu ta dafa bishiyar. Jaririyar ta motsa a bayanta ta fara ƙananan kuka. Ta so ta ce masa don me bai bi ta da gudu ba, don me bai ƙwace ƙwaryar ba, amma ta san wanda ya koya masa yin shiru. Ta dubi ƙofar ɗakin da 'yarta take kwance. In ta shiga ta faɗa, Jamil zai ji, danginsa za su ji, kafin Juma'a mai zuwa duk Dagumawa ta ji. In ta yi shiru, likita zai yi ta lalube a duhu, yarinya tana ƙonewa ta ciki.

“Hau babur ka ɗauko robobin maganin, duka biyun,” ta ce wa Nu'uman.

Ta shiga. Ta tsaya gaban Sista Grace, Jamil yana gefe, ta faɗi komai, har da rabin kofin da ta ƙara. Sista Grace ba ta yi mata faɗa ba, ta dai tambayi ƙarfe nawa, kofi nawa, ta fita da sauri kiran likita. Jamil ya matso. Ya miƙo hannu biyu cikin ladabi ya ce, “Inna, ku kawo ta, kun gaji.” Ta kwance goyon ta ba shi, ta kuma san ba don gajiyarta ya karɓa ba.

Likita ya duba robobin, aka canja magani. Ya ce kada jaririya ta kusanci nono sai ya ba da izini, a sayo madarar gwangwani. Yayar Jamil ta zo ta tafi da jaririyar cikin gari. Kwana biyu Barakatu tana zaune a kan benci a baranda, abinci ba ya wuce mata, tana kallon masu shiga da fita.

A rana ta uku da safe aka ce Khairiyya ta farfaɗo sosai, tana neman uwarta. Barakatu ta shiga ta zauna a bakin gado. Yarinyar ta rame, leɓɓanta sun fashe, muryarta a dishe. Babu wanda ya gaya mata abin da ya kwantar da ita, Jamil ya hana. Ta kama hannun uwarta ta jawo ta kusa, tana leƙen ƙofa kada Sista ta ji.

“Inna, sun ce madarar gwangwani ake ba ta. Ni ban yarda da maganinsu ba. Gobe ki dama mini kunun nan naki, ki zuba a fulas ki ɓoyo a mayafi. In na samu kwana uku ina sha, na san nonon zai zo.”

Barakatu ta dubi hannun da ke riƙe da nata, da allurar ƙarin ruwa a manne a bayansa. Ta gyara wa 'yarta filo, ta share hawaye da gefen mayafi, ta matso da bakinta kusa da kunnenta.

“Khairiyya, saurara in gaya miki abin da na ba ki ranar Juma'a.”