Hassan ko Hassana

Raguna biyu na ɗaure a ƙofar gidan Alhaji Dodo a Ƙofar Kware, kuma babu rumfar atamfa a kasuwa da ba ta ji labari ba: Sadiyatu, matar ɗansa Hayatu mai karatun injiniya a Ingila, ta haifi tagwaye. Namiji ƙarfe biyu da minti goma na dare, mace uku saura ashirin. Haka Hayatu ya karanto masa daga katin asibiti kafin waya ta katse. Dodo bai jira ƙari ba. Namiji ne farko, ke nan Hassan da Hussaina. Ya gaya wa liman, ya gaya wa maroƙi, har ya zaɓa wa Hassan ragon da ya fi ƙaho.

Ana jibi suna ya yi wanki, ana gobe suna sai ga saƙo daga Barnabas, babban ma'aikacin ilimi da ake kiran Dodo ta wayar gidansa a Sama Road. Ingila na kan layi, a yi maza.

"Baba, an samu kuskure," muryar Hayatu ta zo kamar daga rijiya. "Sadiyatu ta rantse macen ce ta fara fitowa. Ungozoma ma ta ce haka ne."

"Mi kac ce? Katin ƙarya shika yi?"

"Katin daidai ne, Baba."

"To uwar ce ta ruɗe."

"Ita ma daidai ce. A daren haihuwar aka mai da ago..."

Ƙit! Layin ya mutu. Dodo ya yi ta "Halo, halo" har Barnabas ya zare kan wayar daga hannunsa. Sai mutumin ya dubi kalanda, ya fashe da dariya, har da dafa bango.

"Dariya kaka yi, Barnaba? Gobe za a tara mutane!"

"Yi haƙuri, Alhaji, zauna. Na ga abin nan da idona lokacin da na je kwas can Ingila. Ƙarshen Oktoba, idan sanyi ya kawo kai, ƙarfe uku na dare na bugawa sai ƙasar duka ta mai da agogo ƙarfe biyu."

"Wa ka mai da shi?"

"Kowa. Gwamnati ce ta ce."

"Har agogon asibiti?"

"Har na gidan sarauniya. Jikarka ta fito a ƙarfe biyun farko. Aka ja agogo baya. Ɗan'uwanta ya fito a ƙarfe biyu na biyu."

Dodo ya zauna a hankali. Ya ga abubuwa a 'yan shekarun nan. Soja sun ce motoci su koma hannun dama, sun koma. Sun ce fam da sule sun zama naira da kwabo, sun zama. Amma lokaci? Shi da ya san azahar da inuwar bango, bai taɓa jin cewa sa'a guda ta wuce an kamo ta an dawo da ita ba.

"Ko soja ba su yi wanga ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Kada ka faɗa da ƙarfi, Alhaji, su ji su yi sha'awa."

Dodo bai yi dariya ba. Mutanen ƙasa guda sun kwanta, an ƙara musu sa'a suna barci, kuma a cikin wannan sa'ar aka kawo masa jika.

"Ai katin na bayanka," Barnabas ya ce. "Idan ka bar shi Hassan, wa zai sani?"

Maganar ta bi shi har gida. Gari duka ya ji Hassan daga bakinsa, kuma abokan kasuwa ba sa yafe irin wannan. Zai shekara ana ce masa mai jika biyu da bai san babba ba. Amma kuma yarinyar za ta tashi tana gaida ƙanenta da girman da nata ne.

Washegari bayan asuba ƙofar gida ta cika. An raba goro, mahauci ya wasa wuƙa. Liman ya gyara zama.

"To, Hassan da Hussaina, ko Alhaji?"

Dodo ya matso da bakinsa kunnen liman. Liman ya ɗago yana kallonsa.

"Ba haka kac ce min ba shekaranjiya."

"Na yi kuskure, Malam. Agogo nib bi. Uwar ta hi agogo sani."

Aka shafa fatiha. Maroƙi ya buɗe murya har bayan ganuwa: "An samu Hassana da Hussaini!"

Taro ya ɗauki guna-guni. Arzika, maƙwabcinsa a kasuwa, ya ɗaga murya daga baya: "Dodo, ina Hassan ɗin namu ya tahi cikin dare?"

"Matso ka ji, Arzika," Dodo ya ce, idanunsa na ƙyalli. "Kowa ya matso. Yaron ga, a sa'ar da anka yi sau biyu anka haihe shi."

Ya nuna wa mahauci rago mai ƙaho. "Fara da wanga. Na yayar ne."