Kunnen Uwar Shago

Shekara goma sha ɗaya Yayata ta yi tana ɗinki a wani ɗan shago mai keke huɗu, kuma a duk shekarun nan sau ɗaya tak aka kwantar da ita a asibiti. Ciwonta na ƙwaƙwalwa ne, mai hawa da sauka: wani lokaci ta taso kamar za ta ɗinke duniya a yini guda, wani lokaci ko labulen ɗakinta ba ta iya ɗagawa. Tana shan magani, amma ni na san rabin maganin a shagon nan yake.

Uwar Shago, wata tsohuwa mai faɗan tsiya, da kunne take gane ciwon. Da ta ji keken Yaya ya fara gudu ba numfashi, sai ta jawo wata riga daga ƙarƙashin tebur.

"Ke sarkin sauri, taso. Na karkata wuyan nan, zo ki warware min."

Ƙarya take yi, wuyan lafiyarsa ƙalau. Yaya za ta koma kan benci tana tsinke zare ɗaya bayan ɗaya tana ƙunƙuni, sauran teloli suna tsokanarta, ɗayarsu ta faki ido ta kira ni a waya in zo mu je wurin likita. In kuma sanyin jikin ne ya zo, sai su zube mata maɓallai ta yi ta warewa, ba mai ce mata me ya same ki. Wallahi ina kewar shagon nan, har da faɗan tsohuwar.

Da Uwar Shago ta rasu, 'ya'yanta suka mai da wurin kantin sayar da waya. Yaya ta samu aiki a kamfanin ɗinka kayan makaranta, inda keke sittin ke kuka lokaci guda. A can sauri abin yabo ne. Gab da komawa makaranta aka lafta musu aiki, ta ninka na kowa, shugaban sashe ya sa aka tafa mata. Da take ba ni labari, magana na tunkuɗe magana, idanunta jajir don rashin barci, sai na ce, "Kai Yaya, kin burge ni." Ni da na fi kowa sanin ciwon.

Bayan kwana tara muka kai ta asibiti. Ranar da ta dawo hayyacinta ta daɗe tana kallona, ba alamar fushi a fuskarta.

"Auta," ta ce, "har ke ma tafa min kika yi?"