Masallaci a Duniyar Mars

Bawa ya daɗe yana zane a jikin motocin haya a tashar Matameye, ba mai ja da shi ko masallaci ko raƙumi ne, har ranar da maƙwabcin rumfarsa Zainulabidin ya zana masallaci a duniyar Mars a bayan wata motar Zinder. Ƙasa ja wur, 'yan sama jannati sun yi sahu cikin fararen kaya.

Ranar kasuwa jama'a suka yi dafifi suna ɗaukar hoto, direbobi kuma suka koma wajen Zainulabidin. Abin ya tsaya wa Bawa a rai, ya kai ƙara gun Malam Inusa, limamin tashar.

"Allah gafarta Malam, wannan wasa da addini ne. Ina alƙibla a can?"

Malam ya zo ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce, "Duk inda ɗan Adam ya sauka, zai nemi wurin sujada." Sannan ya roƙi Zainulabidin ya zana irinsa a bangon makarantarsa. Da yake bangon dogo ne, ya ce, "Bawa, ara masa tsaninka."

Bawa ya wuni riƙe da tsanin, yana neman kuskure a zanen, bai samu ba.